Bawul Ɗin da Bakanike Ke Toshewa

'Yan uwa, a makon nan ƙarƙashin bonet za mu leƙa. Akwai wani bawul mai suna EGR da ke maido da wani kaso na hayaƙin salansa cikin inji. Hayaƙin yana rage zafin ƙonewar mai, sai iskar NOx mai cutar da huhu ta ragu. A Amurka aka fara sa shi a motocin fetur a farkon shekarun 1970. Motocin dizal na Turai sun rungume shi bayan dokokin Euro da suka soma a 1992.

Aibinsa kunkunniya. Tana haɗuwa da tururin baƙin mai ta daskare, bawul ya maƙale, mota ta kasa hawa tudu.

Da tsofaffin motocin nan suka iso mana ta Kwatano, sai suka tarar da gas da dokar Najeriya ta yarda sulfur ɗinsa ya kai 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya a 10 tun 2009. Rahoton ƙungiyar Public Eye na 2016 ya tona cinikin wannan gurɓataccen mai. Maganin bakanike kuwa ɗan falankin ƙarfe: ya toshe hanyar, inji ya warware. Ba ma saurin ganin laifinsa, direba na cefane yake nema. Sai dai mai talla a tasha ita ke shaƙar abin da ya ƙaru.

Su ma masu dokar ba su tsira ba. A 2015 aka kama Volkswagen da manhaja a motocin dizal kusan miliyan 11, wadda ke sassauta rage hayaƙin da zarar mota ta bar ɗakin gwaji.