Riƙon Itace, Daga Gizago Zuwa Inji

Masassaƙin akushi na dā bai san wahalar riƙo ba. Zama yake yi a ƙasa, ya danne guntun danya da ƙafa, ya bi shi da gizago, yana juya shi duk inda ya ga dama. Haka kakanninmu suka yi aiki, waɗanda suka biyo fataken goro daga ƙasar Hausa ta Nikki da Parakou da Zugu, wato Djougou, zuwa Gwanja, har wasunsu suka yada zango ba su ƙara gaba ba. Bayan layin dogo daga Kwatano ya iso Parakou a 1936, kwanon ƙarfe ya ƙara yawa a kasuwa, daga baya roba ta biyo, akushi ya koma kayan tsofaffi.

Juya itace ana sassaƙa shi tsohon abu ne a wasu ƙasashe. A Masar akwai zanensa a kabarin Petosiris, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa: mutum ɗaya na jan igiya, ɗaya na riƙe da ƙarfen yanka. A Marrakesh har yau ana juyawa da baka da tsirkiya. Mu kuwa ta hannun kafintoci inji ya zo mana, don ƙafar tebur da ta gado. Wannan aiki ba ya ba da wuya, ka matse sanda tsakanin tsini biyu, shi ke nan.

Faranti ne ya tona asirin kowa. Yana da faɗi, ba shi da kauri, kuma tilas fuskarsa ɗaya ta zauna a buɗe don a rarake ta. To, ta ina za a kama shi?

Abin da muka tarar masu gidanmu na yi a nan unguwar Titirou ta Parakou shi ne faifan ƙarfe. Mai walda ya yanko shi, ya huda ramuka, ya manna masa noti daidai da zaren sandar inji, a ɗaure katako da sukuru. Yana riƙo ƙam, amma sai ka gama ka kifa farantin ka ga ramuka a gindinsa, a dinga toshe su da garin katako da gam. Wani lokacin ma ana cikin rarakewa ƙarfen yanka ya ci karo da tsinin sukuru, baki ya tafi, aiki ya lalace. Daga nan aka koma manna wani guntun katako a gindi da gam, a sa takarda a tsakani, sukuru ya shiga guntun kawai. In an gama a sa cizal a bakin takardar, a buga sau ɗaya, su rabu. Ni har gobe ina ganin wannan dabara ta fi dacewa da mu, don ba ta cin kuɗi. Haƙuri kawai take ci, domin wanda ya ɗora kafin gam ya kwana ya bushe yana neman rauni ne da kuɗinsa.

Matsen ƙarfe mai muƙamuƙi huɗu, wanda masu sana'ar a Turai suka runguma tun shekarun 1980, ya sauya jerin aikin. Ka fara ɗaure sukuru a fuskar da za a rarake, ka gyara gindi, ka yanka masa ɗan gurbi, sannan ka juya farantin matsen ya kama gurbin daga ciki. Ramukan sukuru su tafi da ɓawon da aka fitar. Aiki tsaf, sai dai tsada.

Abin da ke tayar mini da hankali gudu ne. Yawancin injunanmu haɗin gida ne, boris da bel da injin lantarki mai juyi kusan 1,450 a minti. Ka ɗora faranti mai faɗin santimita 40 a wannan gudun, bakinsa ya haura kilomita 100 a awa. Yaro da ya saba da ƙafar tebur ba ya tunanin sauya fuli don rage gudu, ba ya yanke kusurwoyin katako da zarto kafin ya ɗora, kuma yana tsayawa daidai saitinsa lokacin kunnawa. Nakan ce masa, "Kai yaro, matsa gefe tukuna, ka juya shi da hannu ka ji ko yana rinjaye."

Ilimin itace kuwa na masu gizago ne. Su suka san a tsaga gungume a kauce wa zuciyarsa, don daga nan tsagewa ke farawa. Yau wannan ilimin ya fi dā amfani, saboda katako mai faɗi ya yi wuya. Madobiya an kwashe ta zuwa Sin, har aka sa ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga 2017. Maɗaci da kawo manya sai an yi nisa. Abin da ke hannu tek ne na shuka, siriri, zuciyarsa na tsakiyar kusan kowane falanki. Don haka yanzu mukan tsaga shi mu fitar da ita, mu haɗa biyu ko uku da gam, kuma sukuru ba ya taɓa sauka a kan layin haɗin.