Baƙo da Masauki: Tarihin Haya da Haƙƙin Ɗan Haya a Ƙasar Kano

Garin Burumburum, wanda yake cikin Ƙaramar Hukumar Tudun Wada, an fi saninsa a tarihi da cewa nan ne Sarkin Kano Alwali ya sami mafaka ta ƙarshe bayan da mayaƙan jihadi suka fitar da shi daga birni, kuma nan aka kashe shi wajen 1807. Sarki ne ya je neman masauki a ƙasar da dā take ƙarƙashinsa. Amma ga talakan da ya sauka a wannan yanki, watau ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, al'adar saukar baƙo ba ta da wuyar ganewa. Baƙo yakan je wurin mai unguwa, shi kuma ya kai shi ga dagaci, a ba shi aron ɗaki ko a yanka masa fili ya gina, ya riƙa kai gaisuwa in kaka ta yi. Kalmar haya ba ta shiga maganar ba.

A cikin birni ma baƙunta ba ta hana mutum zama cikin ganuwa. Sunayen unguwanni sun isa shaida: Ayagi ta Yarabawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, da Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna. Fatake kuwa suna sauka wurin fatoma, wanda ba kuɗin ɗaki ne ribarsa ba, la'adar ciniki ce. Ba a ce wannan tsari ba shi da aibi. Baƙon da ya ɓata da mai masaukinsa ba shi da abin riƙo sai mutuncin unguwa, ko kuwa ya kai ƙara gaban alƙali, wanda zai duba babin ijara a cikin Risala ko Muhtasar. Sai dai ba a san wata doka da ta ce ɗan ƙabila kaza ba zai kwana a unguwa kaza ba.

Irin wannan doka Turawa suka zo da ita. Sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, kuma tare da shi akawuna da masu sana'a daga Kudu, da Saliyo, da ƙasar da ake kira Gana a yau. Hukuma ba ta so su cuɗanya da mutanen birni, wai don kiyaye addini da ikon sarki, ko da yake tsoron yaɗuwar ra'ayoyin siyasa yana cikin lissafin. Saboda haka aka yanka Sabon Gari a 1913. Dokar Garuruwa ta 1917 ta ƙarasa aikin: Turawa a Nasarawa, a kewaye su da fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini cikinsa, bisa hujjar sauro, 'yan Kudu a Sabon Gari ƙarƙashin jojin Bature, 'yan Arewa waɗanda ba Kanawa ba su nufi Fagge, ko Tudun Wada ta bayan birni, wadda sunanta kawai ya zo ɗaya da na ƙaramar hukumar da aka ambata. Sai a 1940 aka mai da Sabon Gari ƙarƙashin En'e ta Kano.

A nan ne haya irin ta zamani ta kafu. Fulotin Sabon Gari ƙidayayyu ne, masu zuwa kuwa ba su da iyaka, kuma ba su da izinin neman wuri a wani gefen. Wanda ya riga ya sami fuloti sai ya jera ɗakuna a kansa, ya zuba mutane, ya yanka kuɗin da ya ga dama. Cunkoson da aka daɗe ana zargin mazauna wurin da shi, dokar da ta tsare su ce ta haife shi. Kuma garin da aka raba mazaunansa tun farko, da rikici ya tashi a Mayu 1953, kowa ya san iyakar da zai tsaya ya yi jifa.

Samun 'yanci bai share wannan layi nan da nan ba. Dokar Filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta gaji ta 1910, ta kuma fassara ɗan ƙasa da cewa shi ne wanda mahaifinsa ɗan wata ƙabilar Arewa ne. Wanda ba haka ba, ba ya riƙe fili sai da yardar minista. Watau ɗan Nijeriya da aka haifa a Sabon Gari, ya girma yana jin Hausa kamar jakin Kano, a idon doka baƙo ne, kuma makomarsa haya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ta kau da wannan bambanci, da ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna amana domin dukkan 'yan Nijeriya, ta bar wa ƙananan hukumomi ba da filayen karkara.

Shekarun 1970 su suka kai maganar haya har ƙauye. An gama Madatsar Ruwa ta Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta tashi garuruwa, ta kawo leburori da injiniyoyi ƙasar Bebeji. Ma'adinin kuza na Riruwai dā ma yana da barikinsa na baƙi. A 1976 aka soma shirin ilmin firamare kyauta, aka kuma sake tsarin ƙananan hukumomi, sai ga malamin makaranta da malamin gona da malamin asibiti an turo su garin da ba su da kowa. Dagaci ba zai iya saukar da su duka ba. Ɗakin da dā ake bayarwa aro sai ya koma na kuɗin wata, ba takarda, ba shaida sai maƙwabta. A birni kuwa ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975, masu gidaje suka riga ma'aikata cin moriyarsa. Gwamnatin soja ta naɗa kwamitin duba haya a 1976, jihohi suka kafa kotunan haya, aka ƙayyade farashin ɗaki. Ƙayyadewar ba ta yi ƙarko ba, domin doka ba ta ƙara yawan ɗakuna, kuma ɗan hayar da ya kai ƙara ya san gobe zai nemi wani ɗakin a hannun abokin wanda ya kai ƙara.

Abin da ya fi amfanar ɗan haya shi ne ƙa'idar wa'adi, wadda ta samo asali daga dokar karɓar gidaje ta 1945, jihohi kuma suka gaje ta. Idan ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, mai biya wata-wata ana ba shi sanarwar wata guda, mai biya shekara-shekara wata 6, bayan haka a ƙara masa kwana 7 na sanarwar za a je kotu. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa, ko yaye kwano, ko watso kaya waje. Kotu kaɗai ke fitar da mutum. Ma'aikata da yawa sun yi shekaru suna haya ba su san wannan ba.

Wajen hana wariya kuwa akwai giɓi babba. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 42, ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko asali, ko jinsi, ko addini, sashe na 43 kuma ya ba shi ikon mallakar gida ko'ina a Nijeriya. Amma lafazin sashe na 42 dokoki da ayyukan gwamnati ya ambata. Mai gidan da ya ce ba ya ba gwauro, ko bazawara, ko ɗan wata ƙabila, ba shi ake nufi kai tsaye ba. Amurka ta toshe irin wannan ƙofa da dokar gidaje ta Afrilu 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King, Ingila ma ta sa gidaje cikin dokarta ta hana wariyar launin fata a wannan shekarar. Dukansu sun kai hannu har kan mai gida da dillalinsa.

Saura batun lauya. An kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a da doka mai lamba 56 ta 1976, amma da farko manyan laifuffuka kawai ta shafa, irin su kisan kai. Wanda aka watso wa kaya ba ya ciki. Daga baya an faɗaɗa aikinta zuwa wasu ƙararrakin da ba na laifi ba, har da na tauye haƙƙin ɗan Adam, dokar 2011 kuma ta ɗauki mafi ƙarancin albashi a matsayin ma'aunin wanda ya cancanci taimako. Malamin firamare da ke Riruwai, idan yana son ganin lauyan hukumar a birnin Kano, tafiyar da ta haura kilomita 100 ce a gabansa, ta ratsa dajin Falgore. Shi ya sa yawancin rigingimun haya a wannan yanki a zauren mai unguwa suke ƙarewa, inda ake roƙa wa ɗan haya wata ɗaya ko biyu ya nemi wani wuri.