Haɗa Daftari da Daftari a Djougou da Parakou

Tun zamanin da fatake ke ɗauko goro daga Salaga, su yada zango a Djougou, su bi ta Parakou ko Nikki kafin su doshi Kano, mas'alar haɗa lissafi biyu take wahalar da masu ciniki. Domin kuwa bashin da malamin ayari ya rubuta, da wanda mai masauki ya riƙe, ba su zama abu guda sai an tabbatar cewa Mamman na wannan takarda shi ne Mamman na waccan. A lokacin mai masauki shi ne hujja, tun da ya san baƙonsa, ya san ubansa da garinsu.

Da mulkin Faransa ya kafu a Dahomey, wato Benin ta yau, daftarori suka yawaita, na haraji daban, na haihuwa daban, alhali babu mai masaukin da zai tsaya tsakaninsu. Wannan akawu ya rubuta Mamadou, wancan ya rubuta Mahamadou, shekarar haihuwa kuwa sau da yawa ƙiyasi ce.

Kwamfuta ta gaji wannan mushkila. A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa usulin ajiye bayanai cikin jadawali masu alaƙa da juna, kuma ƙa'idar 1992 ta harshen SQL, wanda ake sarrafa waɗannan jadawali da shi, ta tanadi lafazin JOIN na haɗa jadawali biyu, da ON na faɗin sharaɗin haɗin. Kuskure a nan iri biyu ne, kamar lahanin karatu wajen malaman tajwidi, akwai bayyananne akwai ɓoyayye. Bayyananne shi ne a saka waƙafi inda bai dace ba, ko a ambaci gurbin da jadawalan biyu suka yi tarayya a sunansa ba tare da fayyace na wanne ake nufi ba. Nan take na'ura ta ƙi, kuma a ganina wannan rahama ce. Ɓoyayyen ya fi muni, wato a bi tsohon salo na jera jadawali a mance sharaɗi, sai kowane layi ya haɗu da kowane layi, mutum dubu da rasit dubu su haifi layi miliyan. Ko kuwa a haɗa da suna, Mamadou ya ɓace saboda ɗaya daftarin Mahamadou ya sani.

Saboda irin haka ne rajistar jama'a ta RAVIP, wadda Benin ta fara a 2017, ta ɗauki hoton yatsu, aka ba kowa lamba tasa, wadda hukumar ANIP ke kula da ita.