Rabon gado a ƙasar Arewa: wa ake zuwa wajensa, kuma da wace takarda?

A gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, kamar sauran sassan Nijar, bayan an yi sadakar arba'in an watse daga makoki, iyali kan tarar da wani aiki yana jiransu: gona, garke, gida, bashi, wani lokaci har da ajiyar banki ko kuɗin fansho. Mutane da dama ne ke sa hannu kafin dukiyar mamaci ta isa ga magada, kuma kowa da iyakar huruminsa. Malami yana lissafi, sarki yana sulhu, alƙali yana yanke hukunci ya ba da takardar da banki da hukuma suke karɓa. Rashin sanin wannan bambanci ne ke sa zawarawa da marayu su yi shekaru suna kai da kawo.

Wace doka ake bi?

Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. Yunƙurin da aka yi a shekarun 1993 da 2011 bai kai ga nasara ba. Abin da ake aiki da shi shi ne dokar tsarin kotuna mai lamba 2018-37 ta ranar 1 ga watan Yuni 2018, wadda ta gaji ta 2004 da ta 1962. Dokar ta umurci alƙalai su bi al'adar masu shari'a a sha'anin aure, saki, gado, kyauta da wasiyya, muddin al'adar ba ta saɓa wa dokokin ƙasa da yarjejeniyoyin da Nijar ta sa wa hannu ba. Idan al'adun magada sun bambanta, ta mamaci ce ake ɗauka.

Ga mafi yawan Arawa a yau, wannan al'ada ta haɗu da shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya. Amma ƙasar Arewa tana da Kiristoci, tana kuma da gidajen da ke riƙe da tsarin kaka da kakanni, musamman a kan gona. Saboda haka tambayar farko da ake yi a kotu ita ce: wace al'ada mamacin yake bi?

Takardar mutuwa

Duk abin da zai biyo baya a kanta ya dogara. Dokar 2019-29 ta ranar 1 ga watan Yuli 2019 ta ba da kwana 60 domin a sanar da mutuwa a cibiyar rajista ta ƙauye, ta asibiti ko ta ma'aikatar magajin gari, ko a Matankari ne, ko Kieshe, ko Gesheme, ko Kore Mairuwa. Sanarwar kyauta ce. Idan wa'adin ya wuce, sai an je kotu da shaidu an samo hukuncin da ke tabbatar da mutuwar. Haka kuma ana neman takardar aure ta matan mamaci da takardun haihuwar ƴaƴansa. Matar da aka ɗaura wa aure a masallaci ba tare da rajista ba tana da haƙƙinta, sai dai za ta buƙaci kotu ta tabbatar da auren kafin wata ma'aikata ta biya ta.

Taron dangi gaban alƙali

Mataki na biyu shi ne taron dangi, wanda a takardun kotu ake kira *conseil de famille*. Dangi sukan hallara gaban alƙali tare da shaidu, a lissafa duk wanda ke da gado, a zaɓi wakili guda da zai riƙe ragamar dukiyar, a kuma naɗa mai kula da ƙananan yara. Daga nan magatakardan kotu ke fitar da rahoton taron da takardar shaidar magada, wato *certificat d'hérédité*. Waɗannan biyun su ne mabuɗin asusun banki, da kuɗin da asusun CARENI ke biyan iyalan ma'aikatan gwamnati, da na CNSS ga ma'aikatan kamfanoni.

Wakili ba mai dukiya ba ne, amana ce aka ɗora masa. Aikinsa ya tattara abin da mamaci ya bari, ya karɓo bashin da ake bin mutane, ya biya wanda ake bin mamaci, ya kawo lissafi gaban magada. Wanda ya ga wakili yana sayar da kaya ko yana jan ƙafa yana da damar komawa wajen alƙalin ya nemi a bincika ko a sauya shi. Wani abin lura kuma: ƴaƴan da ke cin rani a Yamai, Sakkwato, Birnin Kebbi ko Kwatano, a sa sunayensu tun farko. Rabon da aka yi aka manta da magaji guda ana iya rushe shi.

Aikin malami

Malamin da ya san ilimin gado shi ke fitar da rabon kowa. Kafin a taɓa komi, ana cire kuɗin jana'iza, sai bashi, har da sauran sadakin mata in akwai, sai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya kuma ba a yin ta ga mai gado. Idan mamaci ya bar mace da ciki, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata 2, mahaifiya, ƴaƴa maza 3 da mata 4, abin da ya rage bayan an biya bashi miliyan 2 da jika 400 na sefa. Matan biyu za su raba tumuni, wato jika 300, kowace jika 150. Mahaifiya tana da sudusi, jika 400. Sauran miliyan 1 da jika 700 a kasa shi kashi 10: kowane namiji ya ɗauki kashi biyu, jika 340, kowace mace kashi ɗaya, jika 170. Da a ce mamacin bai bar ɗa ko ɗiya ko jika ta wajen ɗa namiji ba, da matansa rubu'i za su raba.

Lissafin malami hujja ce mai ƙarfi, amma shi kaɗai ba ya tilasta wa wanda ya ƙi. Shi ya sa ya kyautu a rubuta shi, magada da shaidu su sa hannu.

Gona: inda rigima ta fi yawa

Kuɗi da dabbobi ba su cika wuyar rabo ba. Gona ce ke raba zumunci, balle a kwarin Dallol Mawri inda ruwa ke kusa kuma ƙasar lambu ke da daraja. A tsohon tsari, gandu yakan zauna hannun babban gida ba a raba shi, ƴaƴa mata kuma a sallame su da hatsi ko kuɗi. Idan aka ɗauki shekara ashirin ko talatin a haka, shaidu sun mutu, jikoki sun yi yawa, ba wanda zai iya bambanta gonar gado da ta aro ko ta jingina. A shari'ar Musulunci kuwa mace tana da rabonta a gona kamar yadda take da shi a kuɗi.

A nan ne sarakuna ke shigowa. Dokar 2015-01 ta ranar 13 ga watan Janairu 2015 ta ba mai gari, mai unguwa da sarkin kanto, irin su Sarkin Arewa da Samnan Tibiri, ikon sasanta mutane, da rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Kundin dokokin karkara na ranar 2 ga watan Maris 1993 ya wajabta a fara bi ta wajensu a rigimar gona kafin a je kotu. Takardar sulhun da kowa ya sa wa hannu ana iya kai ta kotu a buga mata hatimin zartarwa. Bayan rabo, kwamitocin kula da filaye da aka sani da Cofo, na ƙauye, na kwamin da na gunduma, su ke ba kowane magaji takardar shaidar mallakar gonarsa.

Idan sulhu ya gagara, alƙali ne zai yi hukunci, yana zaune da mashawarta biyu masana al'adar masu shari'a. Shawara suke bayarwa, hukunci na alƙali ne, kuma wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara cikin wa'adin da za a sanar da shi.

Noter, lauya da wisiye

Ba kowane gado ke buƙatar noter ba. Ana nemansa idan akwai gida mai cikakkar takardar mallaka ta *titre foncier*, ko hannun jari a kamfani, ko dukiya mai yawa a garuruwa dabam-dabam. Shi ke ƙididdige kadarori, ya rubuta takardar rabo, ya bi sauya suna a ma'aikatar kula da rajistar filaye. Mafi yawan ofisoshinsu a Yamai suke, kuma doka ce ta tsara ladan aikinsu, don haka a nemi a ga lissafi a rubuce tun farko. Lauya yana tsaya wa magaji a shari'a. Wisiye kuma shi ke isar da sammaci ya zartar da hukunci.

Ga wanda ba shi da hali, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar 2011-42 ta ranar 14 ga watan Disamba 2011. Tana da ofishi a babbar kotun Doso, tana ba da shawara kyauta, tana kuma iya samar wa mabuƙata mai kare su. Masu rubuta takardu a bakin kotu suna taimakawa wajen rubuta buƙata, amma ba su da ikon karɓar kuɗi da sunan alƙali. Duk abin da aka biya a kotu, a karɓi rasit.

Mai rai ma yana iya sauƙaƙa wa iyalinsa tun yanzu: ya yi rajistar aurensa da haihuwar ƴaƴansa, ya rubuta bashin da ke kansa da wanda yake bi, kyautar gona ko gida kuma ya miƙa ta gaban shaidu a rubuta a Cofo, domin kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu komawa take cikin gado.