Stellafane: Ƙungiyar da leburorin masana'anta suka kafa don ƙera na'urar hangen taurari

A ƙasar Hausa, kallon sama ba baƙon abu ba ne. Masunta a bakin tafkin Kainji, daga Yawuri zuwa Ngaski, sun san Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, kuma duk ƙarshen Sha'aban jama'a kan zuba ido yamma suna neman jinjirin wata. Abin da ya yi ƙaranci shi ne na'urar hangen nesa, domin ta kanti tana da tsada. Shekara ɗari da suka wuce, wasu ma'aikata a Amurka sun fuskanci irin wannan matsala, sai suka koyi ƙera tasu da hannunsu.

Asalin ƙungiyar

Labarin ya faro ne a garin Springfield na jihar Vermont. Jagoran tafiyar shi ne Russell W. Porter, wanda aka haifa a 1871, mai zanen gine-gine da ya taɓa shiga tafiye-tafiyen bincike zuwa yankin ƙanƙara na arewacin duniya. James Hartness, shugaban kamfanin injuna na Jones & Lamson, wanda daga baya ya zama gwamnan jihar, shi ya ɗauke shi aiki. A watan Agustan 1920 Porter ya buɗe ajin koyar da ƙera madubin na'urar. Mutum 15 suka yi rajista, akasarinsu ma'aikatan kamfanin, har da mace ɗaya.

A Disambar 1923 ɗaliban suka kafa ƙungiya mai suna Springfield Telescope Makers. A 1924 suka gina ɗakin taronsu a kan tudun Breezy Hill, suka raɗa masa suna Stellafane, daga kalmomin Latin biyu masu nufin tauraro da wuri mai alfarma.

Yadda ake aikin

Irin na'urar da suke ƙerawa ita ce wadda Isaac Newton ya ƙirƙira a 1668, mai aiki da madubi. Ana samun faifan gilashi biyu masu kauri, a zuba garin wasa mai kaushi da ruwa a tsakaninsu, a riƙa goga na sama a kan na ƙasa ana juyawa. A hankali na saman yakan lotsa kamar tasa. Daga nan a koma gari mai laushi, sannan a goge da ƙaro har ya yi sheƙi. Ana gwada daidaiton lotsawar da fitila da reza kawai, bisa dabarar Léon Foucault ɗan Faransa, kafin a shafa masa azurfa. Aikin ba ya buƙatar babban jari. Haƙuri da natsuwa yake ci.

Yaɗuwar sana'ar

A 1925 Albert G. Ingalls, edita a mujallar Scientific American, ya wallafa labarin ƙungiyar. Wasiƙun masu karatu suka yi ta kwarara, abin da ya kai ga fitar da littafin Amateur Telescope Making a 1926. A shekarar ce kuma aka yi taron farko na masu wannan sana'a a Stellafane, taron da ake ci gaba da yi har yau.

A 1928 aka gayyaci Porter zuwa Kalifoniya domin aikin babbar na'urar dutsen Palomar mai madubi inci 200, wadda aka ƙaddamar a 1948. Ya rasu a 1949. A 1989 gwamnatin Amurka ta sanya Stellafane cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Abin lura ga mai karatu shi ne cewa waɗanda suka soma wannan aiki masu sarrafa ƙarfe ne, ba farfesoshi ba. Garuruwanmu suna da maƙera da masu yankan gilashi da malaman kimiyya, ƙauyukan Shanga da bakin tafki kuma suna da duhun daren da manyan birane suka rasa.