BABI NA UKU: YAƘIN TALIKOTA NA 1565 DA ABUBUWAN DA SUKA HADDASA SHI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi nazari ne a kan yaƙin da aka gwabza a watan Janairu na shekarar 1565 tsakanin daular Vijayanagara ta mabiya addinin Hindu da haɗin gwiwar daulolin Musulmi guda huɗu na yankin Dekan, a kudancin ƙasar Indiya. Wannan yaƙi shi ne aka fi sani da sunan Yaƙin Talikota. Marubuta da dama, musamman tun bayan da Robert Sewell ya wallafa littafinsa a kan wannan daula a 1900, sun ɗauki yaƙin a matsayin karon ƙarshe tsakanin Musulunci da addinin Hindu a kudancin Indiya. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ko da yake addini ya taka rawa wajen zuga mayaƙa da kuma wajen yadda aka rubuta labarin daga baya, abubuwan da suka kai sarakunan fagen fama su ne ƙasa da dawaki da kuma wulaƙancin da wani sarki ya yi wa wani.

3.1 Asalin Gaba

Daulolin biyu da suka soma wannan gaba kusan sa'o'in juna ne. An kafa Vijayanagara a 1336 a bakin kogin Tungabhadra, a hannun wasu 'yan'uwa biyu, Harihara da Bukka. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, wato a 1347, sai hakiman Musulmi na Dekan suka yi wa Sarkin Delhi Muhammadu bin Tughluk tawaye, suka kafa daular Bahmani, wadda ta yi hedkwata a Gulbarga, daga baya kuma ta koma Bidar. Tsakanin daulolin biyu akwai wani yanki mai albarkar noma da ke tsakanin kogin Krishna da kogin Tungabhadra, wanda ya ƙunshi biranen Raichur da Mudgal masu ganuwa. A kan wannan yanki ne aka yi ta ɗauki-ba-daɗi har na kusan shekara ɗari biyu.

Mafi yawan abin da aka sani game da yaƙe-yaƙen farko ya fito ne daga littafin tarihin da Muhammadu Ƙasim Firishta ya rubuta da Farisanci a fadar Bijapur a farkon ƙarni na 17. Alal misali, ya ce a yaƙin da aka yi wajen 1366 tsakanin Muhammadu Shah na Ɗaya da Bukka an kashe mabiya Hindu dubu ɗari biyar. Ya kamata a yi hattara da irin wannan adadi, domin Firishta ya rubuta shi ne fiye da shekara ɗari biyu bayan aukuwar abin, kuma a ƙarƙashin inuwar sarkin da ke ciyar da shi. Amma shi Firishta ɗin ne kuma ya kawo labarin cewa a 1406 Sarki Deva Raya na Ɗaya ya aurar da 'yarsa ga Firuz Shah na Bahmani, ya haɗa masa da garin Bankapur.

Har ila yau Firishta ya ba da labarin yadda Deva Raya na Biyu, wanda ya rasu a 1446, ya tara 'yan majalisarsa ya tambaye su dalilin da ya sa Bahmani ke yawan rinjayarsa alhali ya fi su ƙasa da jama'a da dukiya. Amsar da aka ba shi ita ce, sun fi shi dawaki masu ƙarfi da kuma gwanayen harbi da baka. Daga nan sai ya shiga ɗaukar Musulmi aikin soja, ya ba su ƙasa, ya sa aka gina musu masallaci a babban birninsa. Binciken Phillip Wagoner na 1996 ya ƙara nuna cewa sarakunan Vijayanagara sun riƙa kiran kansu da laƙabin da ke nufin "sultan a cikin sarakunan Hindu", kuma doguwar riga da doguwar hular da ake sawa a fadarsu an aro su ne daga fadojin Musulmi. Wanda ya ɗauki kansa a matsayin katangar da ke tare Musulunci, da wuya ya yi haka.

3.2 Dawaki da Yaƙin Raichur

Maganar dawaki tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta. Yanayin kudancin Indiya bai dace da kiwon dawakin yaƙi ba, saboda haka ta jiragen ruwa ake shigo da su daga ƙasashen Larabawa da Farisa, ta hanyar Hormuz. Duk wanda ke riƙe da tashoshin jiragen ruwa na yamma, shi ke da baraden gobe. Wani ɗan kasuwar dawaki mutumin Fotugal mai suna Fernao Nunes, wanda ya zauna a Vijayanagara, ya rubuta cewa ɗaya daga cikin sarakunanta yana biyan kuɗin doki ko da ya mutu a teku, muddin dai an kawo masa wutsiyarsa. Manufar ita ce kada fatake su karkata zuwa ga abokan gaba. Wannan ne ya sa tashar Goa ta zama abin rububi. Wazirin Bahmani Mahmud Gawan ya ƙwace ta daga Vijayanagara a 1472, sa'an nan Turawan Fotugal suka ƙwace ta daga Bijapur a 1510.

A wannan tsakanin daular Bahmani ta wargaje. Bayan kashe Mahmud Gawan a 1481 sai gwamnonin larduna suka shiga cin gashin kansu, har aka sami dauloli biyar, wato Bijapur da Ahmadnagar da Berar da Golkonda da Bidar. Bijapur ce ta gaji rigimar Raichur. A 1520 Sarki Krishna Deva Raya ya fita da runduna ya kewaye birnin. Dalilin da Nunes ya bayar shi ne, sarkin ya ba wani ɗan kasuwa Musulmi kuɗi masu yawa domin ya sayo masa dawaki a Goa, shi kuwa ya gudu da kuɗin zuwa ƙasar Bijapur, aka kuma ƙi miƙa shi. Sarkin Bijapur Isma'ila Adil Shah ya ƙetaro kogin Krishna da bindigogin igwa masu yawa, amma sai aka harba su gaba ɗaya a lokaci guda. Kafin a sake ɗura albarushi baraden Vijayanagara sun auka musu, suka kora su cikin kogi. Birnin Raichur kansa an ci shi ne da taimakon wasu 'yan bindiga ashirin na Fotugal waɗanda suka riƙa ɗauke masu tsaro daga kan ganuwa.

Richard Eaton (2009) yana da ra'ayin cewa wannan nasara ta cuci Vijayanagara. A ganinsa darasin da ta ɗauka shi ne doki ya fi igwa, don haka ba ta mai da hankali ga makaman albarushi ba, alhali Bijapur da Ahmadnagar sun koma sun gyara ganuwoyinsu, sun kuma ɗauko gwanayen ƙera igwa daga ƙasashen waje. Ban da wannan, da Isma'ila ya aiko yana neman a mayar masa da abin da aka ƙwace, sai Krishna Deva Raya ya ce sai ya zo da kansa ya sumbaci ƙafarsa tukuna. Isma'ila bai zo ba, kuma bayan rasuwar Krishna Deva Raya a 1529 Bijapur ta sake karɓe Raichur.

3.3 Rama Raya

Mutumin da ya jagoranci Vijayanagara a Talikota shi ne Rama Raya, kuma tarihin rayuwarsa kaɗai ya isa ya sa a yi shakkar cewa iyaka ce ta addini tsakanin ɓangarorin biyu. Ya fara aiki ne a ƙarƙashin Sarkin Golkonda, wanda ya ba shi riƙon wani yanki, daga baya ya sallame shi saboda ya gudu ya bar yankin lokacin da sojojin Bijapur suka kawo hari. Sai ya koma Vijayanagara, ya auri 'yar Krishna Deva Raya. Daga 1542 shi ne wuƙa shi ne nama a daular, Sarki Sadasiva kuwa yana nan da suna kawai. Ibrahim, wanda daga baya ya zama Sarkin Golkonda, a wurin Rama Raya ya yi gudun hijira na shekara bakwai kafin ya hau gadon sarauta a 1550. Haka kuma Aliyu Adil Shah na Bijapur ya je Vijayanagara da kansa, inda aka karɓe shi a matsayin ɗa.

Dabarar Rama Raya ita ce ya goyi bayan wannan sarki a bana, baɗi kuma ya koma bayan wancan, ta yadda kullum suna faɗa da juna shi kuwa yana ƙara ƙasa. Ta yi masa aiki na kusan shekara ashirin. Inda ta ɓaci shi ne rigimar birnin Kalyana, tsohuwar hedkwatar sarakunan Chalukya waɗanda Rama Raya ke danganta kansa da su. Ya haɗu da Aliyu Adil Shah suka mamaye ƙasar Ahmadnagar, suka tilasta wa sarkinta Husaini Nizam Shah neman sulhu wajen 1561. Sharuɗɗan da aka gindaya masa su ne ya miƙa Kalyana ga Bijapur, ya sa a kashe Jahangir Khan, wani kwamandan Berar da ya taimake shi, sa'an nan ya zo da kansa ya karɓi ganyen tauna daga hannun Rama Raya. Wannan ganye matsayinsa a can kamar na goro ne a ƙasar Hausa, kuma karɓarsa ta wannan hanya alama ce ta miƙa wuya. An ce Husaini ya karɓa, amma nan take ya sa aka kawo ruwa ya wanke hannunsa a gaban jama'a. Firishta ya ƙara da cewa sojojin Vijayanagara sun keta alfarmar masallatai a lokacin wannan mamaya, kuma babu shakka irin wannan labari ya taimaka wajen tara mayaƙa daga baya. Sai dai a tuna cewa sarki Musulmi ne ya gayyato waɗannan sojoji, kuma tare da nasa suka yi yaƙin.

3.4 Yadda Yaƙin Ya Gudana

Zuwa 1564 sarakunan Dekan sun gane cewa Rama Raya ya fi ƙarfin kowane ɗayansu shi kaɗai. Golkonda ta shiga tsakani aka sasanta Bijapur da Ahmadnagar, aka ƙulla sulhun da aure. Husaini ya aurar da 'yarsa Chand Bibi ga Aliyu, ya sa garin Sholapur da suka daɗe suna faɗa a kansa a cikin garar amarya, shi kuma Aliyu ya ba ɗan Husaini ƙanwarsa. Bidar ta shigo. Berar kuwa ta ƙi, domin ba ta manta da jinin Jahangir Khan ba. Ke nan ko a wannan lokaci ba dukan daulolin Musulmi ne suka amsa kiran ba.

Rundunonin sun taru a garin Talikota, wanda daga gare shi yaƙin ya sami suna, ko da yake ba a cikin garin aka gwabza ba. Shi ya sa wasu ke kiransa Yaƙin Rakkasagi-Tangadi, da sunan wasu ƙauyuka biyu na yankin. Rama Raya ya tsare mashigin kogin Krishna, sai abokan gabarsa suka yi kamar za su nemi wani mashigi, da ya biyo su kuma suka juyo da sauri suka ƙetare ta inda ya bari. A ranar yaƙin Rama Raya, wanda ya riga ya tsufa ƙwarai, yana tsakiya, ƙannensa Tirumala da Venkatadri kuma suna riƙe da gefe da gefe. Da farko Vijayanagara ce ke da rinjaye. Abin da ya juya al'amarin shi ne bindigogin igwa na Ahmadnagar da ke ƙarƙashin Rumi Khan, waɗanda Firishta ya ce sun kai ɗari shida, kuma an ɗura musu kwabban tagulla aka harba daga kusa. A cikin ruɗanin da ya biyo baya aka kama Rama Raya aka kai shi gaban Husaini, wanda ya sa aka sare kansa ba tare da ɓata lokaci ba. Da aka ɗaga kan a bisa mashi sai rundunarsa ta watse.

Akwai wata riwaya ta Cesare Federici, ɗan kasuwa daga Italiya da ya ziyarci birnin a 1567, wadda ta ce wasu kwamandoji biyu Musulmi ne suka ci amanar Rama Raya ana tsakiyar yaƙi. Masu kallon yaƙin ta fuskar addini sun fi jingina da wannan riwaya. Amma Federici bai halarci yaƙin ba, ji ya yi daga bakin waɗanda aka ci, kuma wanda aka ci da yaƙi ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Ko da riwayar ta tabbata, abin da ta fara nunawa shi ne Rama Raya ya damƙa manyan rundunoni a hannun Musulmi a ranar da ake cewa yana yaƙi da Musulunci.

3.5 Bayan Yaƙi

Tirumala bai tsaya kare babban birnin ba. Ya kwashi dukiyar fada da Sarki Sadasiva ya nufi Penukonda. An shafe watanni ana wasoso da ƙone-ƙone a birnin da jakadan Herat Abdurrazaƙ ya taɓa bayyanawa a 1443 a matsayin mai ganuwa bakwai, kuma bai sake farfaɗowa ba. Kufansa shi ne Hampi na jihar Karnataka, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1986. An lalata fada da wasu manyan ɗakunan bauta masu alaƙa da gidan sarauta, amma ɗakin bautar Virupaksha ya tsira, har yanzu kuma ana ibada a cikinsa. Daular kanta ba ta mutu a 1565 ba, domin zuriyar gidan Aravidu da Tirumala ya kafa sun ci gaba da sarauta a kudu har zuwa tsakiyar ƙarni na 17.

Haɗin kan sarakunan Dekan kuwa bai yi ƙarko ba. Husaini Nizam Shah ya rasu 'yan watanni bayan nasarar, kuma ba a daɗe ba sauran suka koma faɗa da juna. Ahmadnagar ta haɗiye Berar a 1574, Bijapur ta haɗiye Bidar a 1619. Daga arewa kuma daular Mughal, wadda ita ma ta Musulmi ce, ta gama da Ahmadnagar a 1636, sa'an nan Aurangzeb ya ci Bijapur a 1686 da Golkonda a 1687.