Daga KSUSTA zuwa Abdullahi Fodiyo: Tarihin Sunan Jami'ar Aliero

Kafin 2006, in aka ce Aliero albasa ce ke zuwa wa mutum a rai, ga ta nan buhu-buhu a bakin titin da ya taso daga Jega ya nufi Sakkwato. A shekarar ne gwamnatin Muhammadu Adamu Aliero, wanda ya mulki Kebbi daga 1999 zuwa 2007, ta kafa wa jihar jami'arta ta farko a mahaifarsa. Aka raɗa mata suna Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi, aka taƙaita shi da Turanci zuwa KSUSTA. Sunan ba ado, amma ya faɗi mai ita, ya faɗi aikinta.

Ba ta tsaya inda aka ajiye ta ba. Ban da kimiyya da aikin injiniya, ga noma, ga horar da malamai, daga baya fannin lafiya ya shigo. A zamanin Gwamna Nasir Idris, wanda ya hau mulki a 2023, aka mayar da ita Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Abdullahi Fodiyo.

Cancanta kam ba a jayayya. Malam Abdullahi ƙanen Shehu Usmanu ne, shi ya riƙe yammacin daula daga Gwandu, kuma Jega da Aliero da Maiyama duk ƙasar Gwandu ce. Ya bar tafsirin Liya'ut Tawili da littafin Liya'ul Hukkami kan sha'anin mulki. An bi sawun Jami'ar Sakkwato ne, wadda aka kafa a 1975 ta koma Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, da ta Wudil da ta ɗauki sunan Aliko Ɗangote a 2022.

Sai dai wannan sauyi na karramawa ne. Ɓangaren sunan da ya fara matse jami'ar, wato "Kimiyya da Fasaha", ba a taɓa shi ba. Yola ta bi ta nan: a 2011 aka sa wa jami'ar fasaha ta can sunan Modibbo Adama, shekara goma bayan haka dole aka sake komawa majalisa aka cire "Fasaha" don a buɗe ƙofa ga sauran fannoni.

Masu rubuta manhajojin kimiyya sun sha wannan muhawara, kuma a ganina sun fi mu iya warware ta. A 2001 Fernando Pérez, ɗan Kolombiya mai karatun digiri na uku a Amurka, ya ƙirƙiri IPython don sauƙaƙa wa kansa lissafi da harshen kwamfuta na Python. Da manhajar ta bunƙasa har masu aiki da wasu harsuna irin su Julia da R suka rungume ta, sai sunan ya koma yana kore baƙi. A 2014 aka sanar da sabon suna, Jupyter. Amma ba su binne tsohon sunan ba, sun bar shi a kan ɓangaren da ya shafi Python kaɗai, sabon ya rufe sauran. Har gobe ɗalibin da ya adana aikinsa a Jupyter zai ga fayil ɗin ya ƙare da "ipynb", saboda canza waɗannan haruffa biyar zai lalata wa dubban masu bincike ayyukansu.

A Aliero ma tsohon suna zai daɗe. Takardun shaidar waɗanda suka kammala kafin sauyin na ɗauke da shi, haka maƙalun da malamai suka buga a mujallun waje, kuma duk mai neman gurbin karatu a ƙetare sai ya yi bayanin cewa jami'o'in nan biyu ɗaya ce. Ranar da aka tashi cire "Kimiyya da Fasaha", za a sake biyan wannan kuɗin a karo na biyu.